Akuyar Inna ta yi ɓari, yara sun rasa littafi

Bara, mako biyu da buɗe lakwal, wata ɗalibata a makarantar horon malamai ta gaya mini ƙannenta biyu na zuwa aji hannu rabbana, babu littafi babu biro. Akuyar mahaifiyarsu ce ta yi ɓarin tagwaye tun da bazara, ciki na wata huɗu, kuma su ne aka sa ran sayarwa a yi sayayyar makaranta. Maƙwabta suka ce baki ne. Da na matsa da tambaya, sai ta ce an ga akuyar ta rame, aka aiki yaro kasuwa ya sayo maganin ƙiba wurin mai tebur. Ta kawo mini kwalin: dexaméthasone ne.

Tun ranar nake ganin akwai darasin da muka bari a baya. A gidajenmu akuya ita ce asusun uwa, kuma yaro ne ke ba ta dusa, shi ke ba ta ruwa, shi ake aika sayen magani. Jar akuyar Maradi, wadda aka kafa wa cibiyar kiwo tun 1963, ta yi suna wajen haihuwar tagwaye da kyan fata. Amma ɗan lakwal yakan gama firamare bai san abin da ke riƙe cikinta ba.

Ga yadda abin yake. Akuya na ɗaukar ciki kwana 150 ko kusa da haka. Duk tsawon lokacin, wani sinadari da jikinta ke ƙerawa, cikin waɗanda masana ke kira hormon, shi ke hana mahaifa buɗewa, sunansa furojesteron. Idan lokacin haihuwa ya yi, jikin ɗan da ke ciki ne ke fitar da wani hormon na daban da ke sanar da uwa. Dexaméthasone yana kwaikwayon wannan sanarwar, sai jiki ya ɗauka lokaci ya yi, ya turo ɗan da bai isa ba. Ko maganin tsutsar ciki na albendazole, mai amfani ƙwarai, an hana ba da shi a watan farko na ciki domin yana iya nakasa ɗan tayi. An rubuta gargaɗin a takardar maganin, da Faransanci ko Ingilishi, kuma sau da yawa yaron da aka aika shi kaɗai ne mai karatu a gidan.

Haka abinci. Dattawa sun san gyauron dawa na kashe dabba nan take, musamman wanda fari ya taɓa. Guba iri ɗaya ce ke cikin ɗanyen ɓawon rogo. Idan akuya na cinta kaɗan-kaɗan ba za ta faɗi ba, amma gubar na hana maƙogwaronta amfani da aidin, sai ta haifi ɗa mai maƙoƙo, ko mara ƙarfi, ko matacce. Shanya ɓawon a rana har ya bushe sarai na rage gubar ƙwarai. Angurya kuma na ɗauke da gosifol, wanda idan ya yi yawa yakan raunana maniyyin bunsuru. A yi ta zargin akuya da juya alhali matsalar na wajen namiji. Dusa ko hatsin da ya yi hunhuna, wanda muke cewa “a ba awaki”, wani nau’insa na fitar da guba mai kama da hormon ɗin mace, ta rikita lokacin barbara.

Sai maganin feshi. Ƙasashen CILSS sun haramta endosulfan a 2007, kuma cikin illolinsa har da rikita hormon. Amma har gobe kasuwanninmu cike suke da magungunan da ba su da izini, kuma bidon da aka juye maganin ƙwari shi ne gobe bidon ruwan awaki.

Wani zai ce, “Mushe, ai ba kowane ɓari ne guba ba.” Gaskiya ne. Yunwar bazara na sa ɓari, cututtuka ma na sawa. A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a jihar Tahoua, dabbobi suka yi ta ɓari, mutane ma suka rasu. Wannan ma dalili ne na koyarwa, domin yaro ne ake cewa ya ɗauki ɗan ɓarin ya yar, da hannu tsirara. Ya kamata ya san a sa leda a hannu, a binne da zurfi, a wanke da sabulu, kuma idan awaki biyu ko uku suka yi ɓari a jere a sanar da ma’aikatan kiwo.

Abokan aikina za su ce manhaja ta cika. Ba sabon darasi nake nema ba. A darasin karatu, a kawo kwalin magani fanko yara su karanta gargaɗin, su fassara shi da Hausa. A lissafi, su ƙirga kwana 150 daga ranar barbara. A darasin kimiyya, a gayyato jami’in kiwo na komin sau ɗaya a shekara. Na fara sa ɗalibaina shirya irin wannan darasin kafin su tafi koyon aiki.

Ku kuma iyaye, abu uku nake roƙo. Kada a yi wa akuya mai ciki allura ko a ba ta ƙwaya sai an tambayi likitan dabbobi. Bidon maganin feshi a huda shi, kada ya koma gida. Kuma idan yaro ya dawo daga lakwal ya ce, “Inna, kada a ba ta wannan,” a saurare shi kafin a ce masa ya cika iyayi. Allah ya sa wa dukiyarmu albarka.