Zancen Gida: Tsohuwar Mota a Gindin Bishiya

A gidaje da yawa mukan ga tsohuwar mota a gindin bishiya, kaji na ƙwai a cikinta. In an tambayi maigida, sai ya ce gyara ake yi. Shekara uku ke nan ana gyaran nan.

Sau da yawa Peugeot 404 ce. An fara ƙera ta a Faransa a 1960, tana kuwa cikin motocin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. Mota ce mai ƙwari, ta isa a sha wahala dominta. Amma me ya sa aikin yakan tsaya?

Gajiya ba ta zuwa ranar da aka kwance inji, gama ranar nan zuciya tana da zafi. Takan zo a tsakiya, sa'ad da kuɗi ya tafi, tsatsa ta bayyana a ƙarƙashin fenti, maƙwabta kuma suna dariya. Haka ya faru a Littafin Nehemiya sura 4. Sai da garun Urushalima ya kai rabin tsayinsa ƙarfin ma'aikata ya fara kāsawa saboda yawan tarkace. Duk da haka aka gama cikin kwana 52, gama an raba aikin, waɗansu ma daura da gidajensu suka gyara.

To, mu ma mu raba namu. Kada mu ce za mu gyara mota. Mu ce Asabar ɗin nan birki za mu duba. Birki da sitiyari tukuna, sa'an nan inji, wayoyi da walda, fenti a ƙarshe. Kowane noti da aka kwance a sa shi a gwangwani, a rubuta inda ya fito. Yara suna jin daɗin wannan aiki, suna kuma koyon haƙuri. A ɗora motar bisa katako, a rufe ta da tamfol kafin damina. Ko a watan da babu kuɗi, a goge tsatsar ƙofa ɗaya, gama da yayyafi kogi kan cika.

Gargaɗi ɗaya: kada kuɗin makarantar yara ko na cefane ya shiga gareji. Maigida da uwargida su zauna su yanka abin da za a ware kowane wata. Motar da ta tashi ta bar gida cikin bashi da faɗa, ba a gyara kome ba.