Zuwa ga 'yan'uwa masu wanke tagogi a Ingila, kafin ƙanƙara ta sauka



Na rubuto ne musamman saboda ƙannenmu da suka shigo sana'ar nan a bana, suka ci bashi suka sayi mota da tanki da sanda, amma ba su taɓa kwana da kayan a watan Janairu ba. Manyanmu kuma ku yi haƙuri, tuni ne kawai.

Hunturun Kano ko na Damagaram ƙura yake kawowa da fason ƙafa. Na nan kuwa ruwa yake bi. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma duk abin da ya tare masa hanya sai ya tsaga shi, roba ce ko tagulla. Ga shi tun da dokar aiki a wuri mai tsayi ta 2005 ta ce a guji hawa tsani in da wata hanya, yawancinmu mun koma wanki da doguwar sanda daga ƙasa, jarinmu kaf yana jiƙe da ruwa dare da rana.

Sabon shiga tanki yake ji wa tsoro, alhali tanki ne ƙarshen abin da zai daskare. Lita 400 ko 500 ba sa daskarewa a dare ɗaya. Ɓarnar tana wurin ɗan ruwan da ba ka lissafa da shi ba: cokali biyu da suka kwana a cikin famfon da ke tura ruwa, ruwan da ke cikin tiyo mai tsawon mita 100 wanda raminsa bai wuce milimita 6 ko 8 ba, ɗigon da ya maƙale a mahaɗin tiyo da ƙananan hancin buroshi. Ruwanmu kuma tacacce ne, babu komai narke a cikinsa da zai jinkirta daskarewa, yana kai sifili zai kama. Kada ma ka jira hukumar hasashen yanayi ta Met Office ta ce sifili. A daren da sama ta yi garau babu gajimare babu iska, ƙasa da ƙarfen mota sukan fi iska sanyi, sai a ce digiri 3 amma ka tashi ka tarar da tiyo ya sandare kamar rake.

Don haka aikin na yamma ne, kafin ka shiga gida ka sa ƙafa a bargo. Rufe makunnin tanki, cire tiyo daga famfo, kunna famfon na ɗan lokaci har ka ji ya daina fesa ruwa ya koma tofar da iska. Ɗauki naɗin tiyo da sanduna ka kai su cikin gida, ko da uwargida za ta yi ƙorafin an cika mata zaure. Wanda ya ɗaura famfonsa a akwatin da ake cirewa ya huta, ɗauka kawai zai yi. In kuma ka wayi gari famfo ya kama, kada ka kunna shi kana cewa zai warware da kansa. Ko fiyus ya ƙone, ko na'urar daidaita gudun ruwa ta tafi. Bar shi ya narke a ɗumi, ka duba ko yana yoyo, sannan ka ba shi wuta.

Abin da na fi so ku kula da shi shi ne injin tace ruwa na RO. Siririyar fatar da ke naɗe a cikinsa ba ta jure daskarewa, ba ta kuma jure bushewa, saboda haka ba a tsiyaye ta a bar ta haka. Ɗumi take so. Muguntar abin shi ne ba ta nuna rauninta a waje. Injin zai ci gaba da ba da ruwa kamar babu abin da ya faru. Sai ka tsoma ɗan ma'aunin tsarkin ruwa na TDS, wanda ya saba nuna maka 10 ko ƙasa da haka a bakin injin, ka ga lamba ta yi sama. Daga nan rezin da ke ƙarasa tace ruwan zai riƙa ƙarewa cikin 'yan kwanaki, kwastoma kuma ta kira ka ta nuna maka fararen ɗigo a gilashin ɗakin girkinta. Ku sani kuma ko lafiyarsa lau, injin yana rage gudu a sanyi, kusan kashi 3 cikin 100 ga kowane digiri. Ruwan famfo mai digiri 5 zai ba ka kusan rabin abin da mai digiri 25 ke bayarwa, don haka fara cika tanki da wuri.

Ga wanda motarsa ke kwana kusa da soket, hita mai mai a ciki ita ce ta fi kwanciyar hankali, a saita ta kan digiri 5 ko sama kaɗan. A warware wayar gaba ɗaya daga naɗinta don kada ta yi zafi, a kuma bi da ita ta na'urar RCD mai yanke wuta, tunda ruwa da lantarki ne a ɗaki ɗaya. Wasu hita suke sa wa tankin kansa: mai kilowat 2 tana ƙara wa lita 400 kusan digiri 4 a awa guda, in aka lulluɓe tankin da tsohon bargo sai ya ɗumama motar har asuba. Sharaɗi dai ruwa ya rufe hitar, in ba haka ba ta narkar da robar. Gawayi ko murhun gas a rufaffiyar mota kuwa, don Allah kada a fara. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari. Masu injin ɗumama ruwa na gas su tsiyaye shi kowane dare, domin siraran bututun cikinsa ne ke fara tsagewa. Batirin litiyam ba a yi masa caji ƙasa da sifili, na dalma kuma ƙarfinsa raguwa yake yi, a shigo da shi ɗaki.

Za a ba ku shawarar zuba maganin hana daskarewa na radiyeton mota a tanki. Ku ƙi. Guba ce mai kashe kyanwa da kare, za ta kwarara cikin lambun mutane, ta kuma bar maiƙo a gilashi. Gishiri shi ma zai ɓata tsarkin ruwan da ka sha wahalar tacewa. Ruwan zafi sosai a kan gilashi mai sanyi yana iya tsaga shi, musamman tsohon gilashi mai falle ɗaya ko wanda ya riga ya gutsure a gefe. Ɗumi-ɗumi ya wadatar.

Saura ruwan da muke bari a ƙofar mutane. Duk taga da ka wanke, ruwanta ƙasa yake sauka, kan matakala da hanyar da tsohuwa za ta bi da yamma. Riƙe buhun gishirin titi a mota, ka barbaɗa kafin ka tafi, tagar saman ƙofa kuma ka goge ta da hannu ko ka bar ta sai wani zuwan. Tabbatar inshorarka ba ta ƙare ba. Akwai kuma ranakun da ba a fita ko kaɗan, irin na Disambar 2010 ko sanyin da ya taso daga gabas a ƙarshen Fabrairun 2018, lokacin da ruwa ke daskarewa a kan gilashi kafin ka sauke sanda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Aika wa kwastomomi saƙo tun da dare, ka fara zagayenka da hantsi ta ɓangaren gidajen da rana ke haskawa, ka kuma ware kuɗin mako biyu tun daga Oktoba saboda irin waɗannan ranaku.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare mana kaya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a