Kwano na Uku a Hanyar Maigatari

A gidanmu na Magarya magidanci ba ya cin tuwon kasuwa. In aka gan shi tsugune gaban mai tuwo, kafin la'asar magana ta zaga unguwa: ko uwargida ta yi yaji, ko rumbu ya ƙare. Da wannan tarbiyya na tashi, shi ya sa ranar da Kawu ya ja ni rumfar wata dattijuwa a wani ƙauye kudu da Dungas, sai na toge bakin zana ina waige-waige.

Laraba ce, cikin hunturun 1994, makonni kaɗan bayan an karya darajar sefa. Raguna muke korawa zuwa Maigatari don kasuwar Alhamis. 

"Shigo, ɗana, sanyi zai kama ka," in ji ta.

Rumfar kara ce, da tabarmin kaba biyu da fitilar ƙwai. Masu koren dabbobi da dillalai sun zagaye murhu, kowa na lissafin abin da sa zai yi gobe da sabon canji. Inna, haka kowa ke kiran ta, tana da gwangwani biyu a gefen ƙafarta, ɗaya na naira, ɗaya na sefa, kuma ba a taɓa cutar ta a canji ba. Tuwon hatsi ne mai zafi da miyar kuka wadda ta ji daddawa, ga man shanu yana narkewa a kai. Har yau in na ji ƙamshin hayaƙin kara da sanyin dare, miyar nan nake tunawa.

Kawu ya ce a zuba kwano uku.

"Kawu, ai mu biyu ne."

"Ci naka. Na ukun ba namu ba ne."

Inna ta rufe shi da faifai ta ajiye kusa da wuta. Can bayan lisha wani saurayi ya iso, ƙura har gashin ido, daga ci-rani ya fito, kuɗinsa sun ƙare a hanya. Ya yi sallama ya zauna nesa, wai ɗumi kawai yake so. Ta tura masa buta, ta tura masa kwanon. Ba wanda ya tambaye shi ɗan gidan wane ne, Kawu ma bai ɗaga kai ba.

Na daɗe ina juya wannan. Mu da muke ƙyamar tuwon saye, akushinmu wanda muka sani yake kaiwa: maƙwabci, suruki, malamin unguwa. Baƙon da dare ya yi wa a hanya, wanda kunya ta hana shi yin bara a zauren da bai sani ba, rumfar da muke rainawa ce ke rufa masa asiri. Ina ganin mun zalunci matan nan da bakinmu, alhali da yawansu zawarawa ne masu riƙon marayu da ludayi da muciya.

Na sake bin hanyar a ƙarshen 2023, iyaka tana rufe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a buɗe ta ba sai Maris na 2024. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Yarta ke riƙe da rumfar, da wata 'yar tukunya da ba ta kai rabin ta dā ba. Motoci sun ɗauke, naira ta faɗi, tiyar hatsi ta yi tsada.

Na ce ta zuba biyu.

"Yaya, an riga ka. Wani mai kabu-kabu ya biya tun da rana," ta ce, ta nuna mini faifai a gefen murhu. "Amma kawo, jiya mutum biyu suka zo."