Mota Mai Karkata Gefe Guda

Wani malami ya rubuto daga Fagge, wai tsohuwar motarsa Peugeot 404 ta karkata hagu tun da aka rage mata tsawo, ga shi wani makanike a Sabon Gari ya ce ya sayi shokozoba. To, Malam, kada ka yi gaggawar zub da kuɗinka, gama sifirin ke ɗaukar nauyin mota. Sauke kaya, ka tsai da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, ka daidaita iskar tayoyi. Sa'an nan auna daga tsakiyar kowace taya zuwa jikin motar. In hagu ta gaza, sifirin ya gaji, ko kuwa ba a rage su daidai ba. Sake biyun tare, don karkatacciyar mota cin taya gare ta.