Waiwaye: Ƙwallon Fata da Ciwon Mantuwa

Waɗanda suka girma tare da mu ba za su manta da ƙwallon fata mai ɗinkin igiya ba. Da damina ta sha ruwa ta yi nauyi, in ka sa mata kai sai ka ga taurari da rana tsaka, amma ka miƙe kana dariya don kada a ce kai rago ne. Haka muka taso muna yaba ɗan wasan da bai tsoron kai, a filin unguwa da kuma a bakin rediyo ranar Asabar. Babu wanda ya taɓa tambayar abin da zai biyo baya.

A Ingila an yi wani gwanin cin ƙwallo da ka, Jeff Astle na West Bromwich Albion, wanda ya ci wa ƙungiyarsa ƙwallon da ta doke Everton da ita a wasan ƙarshe na kofin FA a 1968. Ya rasu a Janairun 2002 yana da shekara 59, bayan ciwon mantuwa ya cinye shi har iyalinsa suka ce bai ma san ya taɓa buga ƙwallo ba. Mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa sana'arsa ce ta jawo masa. Hukumomin wasan suka yi shiru, 'yarsa Dawn kuwa ta ƙi yin shiru, har iyalin suka kafa gidauniya da sunansa a 2015. Sai a 2019 binciken Jami'ar Glasgow kan tsofaffin 'yan wasan Scotland sama da 7,000 ya nuna cewa haɗarin mutuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran mutane sau uku da rabi. Daga baya binciken ya nuna masu tsaron baya, da kai ya zame musu makami, su ne a gaba. Masu tsaron gida kuwa ba su bambanta da kowa ba. A cikin sha ɗayan da suka ɗaukar wa Ingila kofin duniya a 1966, biyar sun gamu da ciwon: Ray Wilson, Martin Peters, Nobby Stiles, da 'yan'uwan nan Jack da Bobby Charlton.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu ma muna da dattawan da suka yi tashe a zamanin Raccah Rovers ta Kano da Mighty Jets ta Jos, kuma ƙwallon da suka sa wa kai ba ta fi ta Turawa taushi ba. Sai dai mu, da mutum ya fara ruɗewa, sai a ce gigin tsufa ne, ko a ce sammu, a daina fitowa da shi.

Alamomin ba sa zuwa da gudu. Manta inda aka ajiye hula ba komai ba ne, duk muna yi. Abin dubawa shi ne mutum ya yi tambaya a ba shi amsa, kafin shayi ya huce ya maimaita ta. Ya ɓace a hanyar masallacin da ya shekara talatin yana bi. Lissafin canji ya gagare shi, raka'o'in salla su riƙa cakuɗe masa kullum, mai sanyin hali ya koma mai faɗa da zargin an sace masa kaya. Sau da yawa abokan majalisa ne ke fara lura, tun kafin 'ya'ya su yarda. Wanda ya ga haka ya ja babban ɗa gefe, a kai uban likita da wuri, domin wani ruɗewar daga ƙarancin sinadarin B12 ne, ko matsalar maƙoƙo, ko ciwon damuwa, waɗannan kuma suna jin magani. Ko da ciwon mantuwar ne, kula da hawan jini da suga yana taimakawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da aka fara a Falkirk ta Scotland a 2009. Ana tara dattawa masu wannan ciwo, a baje musu tsofaffin hotunan wasanni, sai ka ji wanda ya yini bai ce uffan ba yana jero sunayen 'yan wasa daga mai tsaron gida har lamba sha ɗaya. Tsohon tunani ya fi sabo jimawa a ƙwaƙwalwa, shi ya sa. Wannan ba ya neman asusun fam miliyan ɗaya irin wanda ƙungiyar 'yan wasan Ingila da gasar Firimiya suka buɗe a 2023. Tabarma muke da ita, hira kuwa gadonmu ce. Ƙungiyoyin tsofaffin 'yan wasa da ke haɗuwa ranar Lahadi su riƙa aika mota a ɗauko ɗan'uwansu da ciwon ya kama, a zaunar da shi a inuwa, in ya maimaita labari a saurara kamar yau aka fara ji, kada a yi ta gyara masa shekara. Matarsa ma ta sami awa biyu ta huta.

Masu horar da yara kuma su sani cewa tun 2020 Scotland ta hana 'yan ƙasa da shekara 12 buga ƙwallo da ka a wajen atisaye.