A San Rufe Gas Tun Ba a Kunna Shi Ba

Tukunyar gas ta shiga gidaje da yawa a Kano da Zariya da Katsina, har ta fara ture itace da gawayi. Babu laifi ga wannan. Abin zargi shi ne, sau da yawa mai gida kaɗai ya san yadda a ke rufe ta daga kai, alhali kuwa shi ne ba ya zama gida. Yana kasuwa, ko ya tafi fatauci Ikko, matan gida da yara kuwa maɓallin murhu kurum su ka sani.

To, kashe murhu bai isa ba, zama iskar tana nan cikin tiyo, kuma tiyo ya kan tsufa ya tsage, ɓera ma ya kan ci shi. Wata tukunya kanta a ke murɗawa dama har ya tsaya, wata kuwa ɗan maɓalli gare ta a ka. Ko wace iri ce, ya wajaba a rufe ta nan da zarar an sauke abinci.

Ita iskar ba ta da wari ga asalinta, zuba mata shi a ke yi da gangan. A shekarar 1937 gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London, cikin jihar Texas ta Amurka, ba wanda ya ji, ya fashe ya hallaka wajen mutum 300, galibinsu yara. Bayan wannan musiba ne jihar ta kafa dokar sa warin. Saboda haka kadan an ji wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kashewa ne. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita waje. Iskar tukunya ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwantawa ƙasa kamar ruwa, watau wanda ya kwana bisa tabarma ya fi kowa kusa da ita. In ana neman inda ta ke yoyo, kumfar sabulu a ke shafawa, a duba inda ta ke tasowa.

A Masar da Ingila, inda gas ya ke zuwa gidaje ta bututu, mariƙin rufewa yana kusa da mita. In ya bi tsawon bututu a buɗe ya ke, in ya gitta shi an rufe. Wanda ya rufe saboda yoyo ba ya sāke buɗewa sai ma'aikacin gas ya duba.

Masu sayar da tukwane su ma suna da nasu kaso na alhaki. Mai sayar da doki ya kan faɗi halinsa. Lalle ne mai kanti ya nuna wa mai saye wurin rufewa da hannunsa tun bai karɓi kuɗi ba, shi kuma in ya isa gida ya tara iyalinsa, har da almajirin da a ke aika, kowa ya rufe ya buɗe a gabansa.