Ra'ayinmu: Taron Mako-Mako Ya Sauko Unguwa

Wanda ya leƙa taron ƙungiyar Rotary karon farko zai iya ɗauka liyafa ce. Shugaba ya buga ƙararrawa, a gabatar da baƙi, a ci abinci, sannan wani masani da aka gayyato ya yi jawabi kan ruwan sha ko karatun yara. Akwai ma jami'in da ke cin tarar wanda ya makara, cikin raha da barkwanci, kuɗin kuma su faɗa asusun taimako. Bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi a sake buga ƙararrawa, kowa ya kama gabansa, sai wani makon.

Zaman nan shi ne tushen ƙungiyar. A 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya tara abokansa uku a birnin Chicago na Amurka, suka riƙa zagayawa da taron daga ofishin wannan zuwa na wancan, daga zagayen ne ma sunan ya samo asali. Reshen farko a Najeriya a Kano aka kafa shi, a 1961.

Masu suka ba su rasa abin faɗa ba. Suna cewa taron manya ne: likitoci, lauyoyi da 'yan kasuwa sun haɗu a otal suna ƙulla hulɗa, kuɗin abincin wata ɗaya kuwa zai gyara famfon burtsatsen da ya lalace a wata unguwa. Suna cewa kuɗin shiga da na shekara sun rufe wa malamin firamare ƙofa. Ita kanta uwar ƙungiyar ta ga matasa na gudun ɗawainiyar zaman kowane mako, shi ya sa a 2016 ta sassauta doka, ta bar wa rassa damar haɗuwa sau biyu kawai a wata, ko ta intanet.

Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar taimakon kai da kai a unguwa ya san yadda ƙungiya ke mutuwa. Ba faɗa ne ke kashe ta ba, ɗage taro ne. Yau an yi rasuwa, wani makon ana biki, na gaba shugaba ya yi tafiya. Kafin a farga damina ta sauka ba a yashe kwata ba, katangar maƙabarta ta zube, ma'aji kuma ya daina ɗaga waya. Zaman da ke da rana da lokaci tabbatattu shi ke sa wanda ya ɗauki alkawari ya san cewa nan da kwana bakwai zai haɗa ido da waɗanda ya yi wa alkawarin. Matan da ke adashi sun riga kowa sanin wannan: ranar zubi ba ta tashi.

Yaƙi da shan-inna ya nuna abin da irin wannan nacin ke iya haifarwa. A 1985 Rotary ta ɗauki aniyar kawar da cutar, a 1988 aka kafa shirin duniya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Shekara 35 aka shafe ana tara kuɗi da fita rigakafi kafin a ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, ranar 25 ga Agustan 2020, shekara huɗu bayan ɓullarta ta ƙarshe a jihar Borno. Ba don rassa suna zama a kai a kai ba, da wuya aniya ta yi wannan tsawon rai.

Amma a cikin labarin nan ne kuma hujjar masu suka ta fi ƙarfi. A 2003, shekarar da Jonathan Majiyagbe, lauya ɗan reshen Kano, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya, a shekarar ce gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna saboda zargin yana hana haihuwa. Ƙungiyar ta haura shekara 40 a garin, ɗanta na kan kujera mafi girma, amma maganarta ba ta isa zaurukan cikin badala ba. Ba laifinta ba ne ita kaɗai, domin akwai siyasa, akwai kuma tabon gwajin maganin Trovan da aka yi a garin a 1996, wanda bai warke ba. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne maganin da aka shigo da shi daga Indonesiya a 2004, da kuma shigar sarakuna, malamai da masu unguwanni, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi a 2009. Waɗanda suka bi gida-gida da ɗigon maganin kuwa yawancinsu mata ne talakawa, tara daga cikinsu aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. Ba su taɓa zama a teburin otal ba.

Matsayinmu shi ne kada a yar da taron mako-mako, ko a Rotary, ko a takwararta Lions, ko a ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta matasan layi. Sassaucin 2016 ya dace da wanda aiki ya yi wa yawa, amma reshen da ya mayar da zamansa saƙon WhatsApp ya kama hanyar rufewa. Abin da muke so a sauya shi ne wurin zaman da abin da ake fara karantawa. Aƙalla sau ɗaya a wata a yi taron a harabar asibitin sha-ka-tafi ko ajin makarantar da ake tallafa wa, mai unguwa da limami da ungozoma su zauna a sahun gaba su faɗi abin da suke buƙata, ba abin da aka ga damar kawo musu ba. A rage jawabi da hoton miƙa kaya. Kafin a buɗe kwanon abinci, ma'aji ya tashi ya karanta nawa ya shigo, nawa ya fita, sannan sakatare ya faɗi ko burtsatsen da aka ƙaddamar bara yana ba da ruwa har yau.